Ina ƙera kan jirgi mai kwal a kwamfuta: in kai layin Damagaram ko in tsaya inda dogo ya tsaya?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata bakwai ke nan ina wani aiki ni kaɗai a ɗaki, yau na ce bari in fito da shi ku sa mini baki. Ina ƙera kan jirgin ƙasa irin na da, mai cin kwal da ruwa, don a riƙa tuƙa shi a cikin Open Rails. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne na tuƙin jirgin ƙasa a kwamfuta, kyauta ake sauke shi, kuma kowa na iya ƙera nasa jirgin da nasa layin ya zuba a ciki. Shekara uku ina tuƙa jiragen Ingila da na Amurka da na Indiya waɗanda wasu suka ƙera, ban taɓa cin karo da wanda ya ratsa ƙasar Hausa ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Wanda na zaɓa shi ne irin waɗanda reluwen Najeriya ta fara karɓa a 1948, waɗanda aka sa wa kowanne sunan kogi. Da Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa a kwamfuta, nake sassaƙa shi. Tukunya da ɗakin direba da ƙafafu sun kammala, saura sandunan da ke juya ƙafa da taragon kwal da ruwa.

Ga inda na cije. Jirgi sai da layi. Raina yana so in shimfiɗa dogo daga Kano, ya bi ta Daura da Matameye, ya shigo Damagaram ya tsaya a Zango. To amma kowa ya san jirgin ƙasa bai taɓa zuwa garin nan ba. In na yi haka, tarihi na raya ko ƙarya na shirya?

Mushe_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa aikinka albarka, ɗana. Tunda ka tambaya zan gaya maka abin da na gani: kar ka kawo shi Damagaram. Shekara da shekaru ina koyar da yara, na san yadda hoto ke kama zuciyarsu fiye da magana. Yau ka sa jirgi mai hayaƙi yana wucewa ta gindin duwatsun Birni, gobe wani ya yanki bidiyon ya watsa a WhatsApp, jibi yaro ya rubuta mini a jarrabawa cewa an yi tashar jirgi a Zinder zamanin Turawa. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Nan ya tsaya ta ɓangarenmu. Ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ka yi shi yadda yake.

Trainz_227:
Mushe, da girmamawa, ban yarda ba. A duniyar masu wannan wasa layin ƙirƙira ba baƙon abu ba ne, ana yin sa da yawa kuma ba wanda ke kiran sa ƙarya. Sharaɗi ɗaya ne, ka rubuta a gabansa cewa zato ne, ba abin da ya faru ba. Ni abin da zan tambayi Ɗan_Birni daban ne: me ya sa Open Rails? A Trainz, wani wasan jirgin ƙasa na daban, shimfiɗa layi da dasa itatuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, cikin wasan kake yin komai kana gani.

Ɗan_Birni:
Yaya Trainz_227, aljihu ne da kwamfuta. Tawa tsohuwa ce, giga 4 gare ta. Open Rails ba a biya, yana tafiya a kanta ba gardama, kuma yana karanta kayan da aka yi wa Microsoft Train Simulator tun 2001, don haka akwai abin koyo da yawa. Sannan lissafin tukunyarsa ya yi mini. In ka bar wuta ta mutu jirgi zai tsaya maka a dawa.

Jikan_Falke:
Ni maganar Mushe ta tuna mini da kakana, Allah ya jiƙansa. Fataucin gyaɗa ya yi tsakanin Magarya da Kano. Yakan ce jirgi bai zo Damagaram ba, amma Damagaram ta je wurin jirgi. Gyaɗar Magarya da Matameye da Kance, da fata da ƙiraga, a kan raƙuma da jakuna aka fara kai su, daga baya a kamyo, har bakin dogo a Kano, daga nan jirgi ya kwashe zuwa Ikko. Ranar da ya fara ganin kan jirgi ya ce tsayawa ya yi yana salati, don bai taɓa zaton ƙarfe zai yi numfashi ba. Har ya rasu in yana ba da labarin sai ya kwaikwayi kukan usur ɗin.

Saboda haka ni a ganina ba sai ka ƙirƙiro layi ba kafin Damagaram ta shiga wasanka. Ka yi tashar Kano, ka sa kamyon da ya taso daga nan yana sauke buhuna a gefen taragu. Tarihinmu ne wannan, ba aro ba.

Mushe_Tarihi:
Madalla da Jikan_Falke. Abin da nake nufi ke nan. Har sai da Faransawa suka ga kayan ƙasar da suke mulka yana bi ta hannun Ingilishi, a shekarun 1950 suka shirya jigilar da suka kira Hirondelle, a riƙa kai gyaɗa da mota har Paraku a ƙasar Benin ta yau, daga can jirgi ya kai ta Kwatano. Layin Kwatano ya kai Paraku a 1936 bai ƙara gaba ba. Ka ga ko a nan akwai darasi mai yawa da wasa zai iya nunawa.

Bakanon_Fagge:
Baƙo ne ni a zauren nan, daga Kano nake, ku yi mini izini. Ɗan_Birni, in za ka yi tashar Kano ta wancan zamani to dalar gyaɗa dole ce. Kuma akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ba don ado aka tara dalar ba. Bayan yaƙin duniya na biyu reluwe ta rasa isassun kawunan jirgi da taragu, gyaɗa tana shigowa fiye da yadda ake kwashe ta, shi ne ake jibge buhuna ana rufewa da tamfol. A daidai wannan lokaci kawunan da kake ƙerawa suka iso. Wato jirginka da dalar abokan juna ne. Ka shirya aikin da mai wasa zai yi ya zama kwasar gyaɗa daga Kano.

Gaskiya_Ɗaya:
Ku gafarce ni, amma wata bakwai a kan jirgin da ba ya ɗaukar ko buhu ɗaya? Garin da muke neman ruwan sha da aikin yi? Da ka sa lokacin nan a koyon abin da zai kawo maka kuɗi da ya fi.

'Yar_Mirya:
Malam Gaskiya_Ɗaya, abin da yake koyo shi ne abin da ke kawo kuɗin. Ni da Blender ɗin nan nake zana wa magina fasalin gida kafin a sa bulo, kuma ana biya na. Wanda ya iya haɗa sandunan jirgi suna motsi daidai, zanen gida ba zai gagare shi ba. Amma ko da bai kawo sisi ba, yaranmu su ga ƙasarsu a cikin kwamfuta ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan_Birni, ni zan ɗauki itatuwa in kana so. Na ga layukan da wasu suka yi wa Afirka sun cika su da itatuwan Turai, abin ba ya kama ido. Ana buƙatar kuka, gawo, tsamiya, ɗorawa, giginya, goriba, aduwa. Kuma ka kula da gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. In ka yi yanayin kaka da hunturu, lokacin cinikin gyaɗa, gero an girbe, kara a tsaye ko a kwance, gawo ya yi lif. Duk manomin da ya ga ka juya wannan zai san ba ɗan ƙasa ne ya yi ba.

Ɗan_Birni:
Wallahi Yaya 'Yar_Mirya ban taɓa kawo zancen gawo a raina ba. Na karɓa hannu biyu. Sai dai ki sassauta musu nauyi, itace ɗaya ya zama allo biyu a gicciye da hoto a kai, don in suka yi dubu kwamfutata ba za ta ɗauka ba.

Kanikan_Sabon_Gari:
Ni bakanike ne, ban san wasan kwamfuta ba, amma na ga hoton da ka sa. Ƙafafun nan takwas manya, na dama da na hagu, a ina ka sa ƙusar da sanda ke kamawa? A hoton kamar duka a wuri ɗaya suke kallo. In haka ne injin ba zai tashi ba in ya tsaya a ƙarshen bugu. Ko a mota ba a jera fistin haka.

Mai_Lissafi:
Idon maigida Kanika ya gani daidai. A kan jirgi mai silinda biyu, ƙusar gefe ɗaya tana gaban ta ɗaya gefen da rubu'in zagaye, digiri 90. In fistin dama ya kai ƙarshe ba shi da ƙarfin turawa, na hagu yana tsakiyar tafiya, shi zai ja. Kuma tururi yana tura fistin gaba da baya duka, ba kamar na mota ba. Shi ya sa duk zagaye ɗaya na ƙafa za ka ji fuka huɗu daga bututun hayaƙi.

Wannan ya shafi sautinka kai tsaye. Ƙafa mai inci 48 tana cin mita 3.83 a zagaye ɗaya. A gudun kilomita 10 cikin awa, kusan fuka uku ke nan a daƙiƙa. A kilomita 40 sun kusa goma sha biyu, kunne ba ya rarrabe su sosai, sun zama gurnani. In sautin bai bi juyin ƙafa ba, duk wanda ya san jirgi zai ji da kunnensa tun kafin ya duba fenti.

Ɗan_Birni:
Na duba, gaskiyarku. Madubi na yi wa gefen dama ya zama na hagu, shi ya sa suka daidaita. Zan gyara. Amma Malam Mai_Lissafi, inci 48 ɗin daga ina ka samo? Abin da ya fi ba ni wahala ke nan, awo. Da hotuna nake aiki, ina ƙiyastawa da tsawon mutumin da ke tsaye a gefe.

Mai_Lissafi:
Ka bi ta wurin ƙannensa. Reluwen Afirka ta Gabas ta sayi wasu kawuna da ake kira aji na 29, kamfanin North British na Glasgo ya ƙera su a farkon shekarun 1950, kuma a kan fasalin masu sunan kogi na Najeriya aka yi su. Awonsu a rubuce yake: silinda biyu, faɗi inci 18, bugu inci 26, ƙafa inci 48, matsin tukunya laba 200 a kan kowane inci murabba'i, wato wajen bar 14. Akwai ɗaya a ajiye a gidan tarihin reluwe na Nairobi, hotunansa sun cika intanet ta kowane gefe.

Ka gwada lissafin ƙarfin ja da kanka. Ka ɗauki kashi 85 cikin ɗari na matsin, 170 ke nan. Ka ninka da faɗin silinda sau kansa, 324. Ka ninka da bugu, 26. Ka raba da ƙafa, 48. Zai ba ka laba 29,835, kimanin tan goma sha uku da rabi. In ka zuba awon a fayil ɗin .eng, inda wasan ke karanta bayanan injin, wurin CylinderDiameter da CylinderStroke da MaxBoilerPressure da WheelRadius, wasan zai fitar da abin da ya yi kusa da haka. In ya fitar da rabin wannan, to ka sa faɗin ƙafa a inda ake son rabinsa.

Abu biyu kar ka kwafa daga na Kenya. Su mai suke ƙonawa, naka kwal. Sannan faɗin layinsu mita ɗaya ne, na Najeriya milimita 1,067.

Mushe_Tarihi:
Wannan faɗin layi ma hujja ce a kan maganata ta farko. Faransawa a yankinmu mita ɗaya suke yi, Dakar zuwa Bamako, Abijan zuwa Wagadugu, Kwatano zuwa Paraku. Da sun kawo dogo Zinder lokacin tana babban birnin Nijar, tsakanin 1911 da 1926, da mita ɗaya za su yi, jirgin Ɗan_Birni ba zai hau ba. Ga tambaya kuma: na ga ya rubuta 2-8-2 a ƙasan hoton, ni kuwa a littattafan Faransanci 141 nake gani. Ɗaya ne?

Mai_Lissafi:
Ɗaya ne, Mushe. Ingilishi ƙafafu suke ƙirgawa: biyu ƙanana a gaba, takwas masu ja, biyu a baya. Faransawa gatari suke ƙirgawa, wato sandar da ke haɗa ƙafa biyu: ɗaya, huɗu, ɗaya.

Kanikan_Sabon_Gari:
Gatari kuma? Mu a gareji aksul muke cewa.

Mai_Lissafi:
Na karɓi gyara, maigida. Aksul.

Ɗan_Reluwe_Zariya:
Wani ɗan'uwa ne ya turo mini wannan zance, na ce sai na tofa. A kwatas ɗin reluwe na Zariya aka haife ni, mahaifina shekara da shekaru yana zuba kwal kafin ya zama direba. Abin da nake roƙonka, ɗan'uwa, kar ka mayar da hankali kan direba kaɗai. Rabin aikin jirgi mai kwal a hannun mai shebur yake. Baba yakan ce wuta ba a jibga mata, yayyafa mata ake yi, kaɗan-kaɗan, kusurwa-kusurwa, in ka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe to kwal kake zubarwa a iska. Kafin hawa za ka gina wuta, ba a tsakiyar hawa ba. Idonsa kullum a kan gilashin ruwa. In ruwa ya sauka ƙasa da rufin akwatin wuta, akwai wata ƙusa mai dalma da ke narkewa tururi ya faɗa cikin wuta don ya yi gargaɗi, kuma wanda hakan ta faru a hannunsa sai ya amsa tambaya a ofis.

Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, bai kai na Ingila zafi ba, saboda haka ana cin sa da yawa. In wasan yana da wurin sa ƙarfin kwal, kar ka bar shi a kan na Turai. Ga zafin ɗakin: watan Afrilu, ga rana ga wuta. Yakan dawo gida rigarsa ta yi fari da gishirin gumi a kan baƙin kwal. Da aka fara kawo masu dizal a tsakiyar shekarun 1950 abokansa murna suka yi, shi ma ya yi, amma har tsufansa in ya ji ƙanshin gawayi da man inji sai ya yi shiru.

Ɗan_Birni:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna makoma. Akwai wurin, ORTSFuelCalorific ake kiran sa, kuma a kan na Turai na bar shi. Don Allah ko akwai hotunansa a bakin aiki? Cikin ɗakin direba ne ba ni da hotonsa ko ɗaya, na rasa inda zan sa hannun birki da famfunan tura ruwa.

Ɗan_Reluwe_Zariya:
Akwai guda biyu a wurin yayarmu, amma daga waje aka ɗauka. Zan tambaye ta. Abin da na riƙe shi ne birkinsu na zuƙar iska ne, ba na matsa iska ba, don haka kar ka sa masa famfon nan mai bugawa da ake gani a jiragen Amurka. In kana da wani a Ikko, ka tura shi Ebute Metta, can babban garejin reluwe yake, kuma akwai ɗan gidan tarihi a Jaekel House mai tsofaffin hotuna da kayan aiki.

Hajiya_Garin_Malam:
Ni ban san kwamfuta ba, jikata ce ke karanta mini. Tambaya ɗaya gare ni ga mai son kawo jirgi Zango. Ruwan da zai sha daga ina? Mu da muka tashi muna bin layi da tulu, muka ga zamanin da ake jawo wa gari ruwa daga Gogo da Machaya, aka zo Arunguza, aka zo Ganaram, har yau in bazara ta yi sai an sayi ruwan garuwa. An ce abin nan ruwa yake sha kamar raƙumi.

Mai_Lissafi:
Hajiya, ya fi raƙumi. Duk kilo ɗaya na kwal yana dafa ruwa kilo shida zuwa takwas ya zama tururi ya fice ta bututu, ba ya dawowa. Tan ɗaya na kwal, ruwa ya kusa tan bakwai. Shi ya sa kowace 'yar tafiya sai an kafa tanki a tasha. Kuma ba kowane ruwa ba, mai kanwa kumfa yake yi a tukunya ya bi tururi ya shiga silinda. Tambayarki ita ce tambayar da injiniya zai fara yi.

Trainz_227:
To ai Hajiya ta ba mu abin da zai sa layin ƙirƙirar ya yi daɗi! A Afirka ta Kudu sun gamu da irin wannan a yankin Karoo mai ƙarancin ruwa, a shekarun 1950 suka kawo aji na 25 masu dogon tarago a baya wanda ke sanyaya tururi ya mayar da shi ruwa a sake dafawa. Faɗin layinsu ma 1,067 ne irin na Najeriya. Ka yi layin Kano zuwa Damagaram, ka sa ruwa ya zama shi ne jarrabawar mai tuƙi: in bai cika tanki a Daura ba, ya ƙare a Kance. Yaro zai fahimci dalilin da ya sa ruwa ke yanke wa gari hukunci fiye da yadda zai fahimta a allo. Mushe, ba ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa aka mayar da babban birni Yamai ba?

Mushe_Tarihi:
Yana ciki, ban musa ba. Amma ka lura, kai da kanka ka fara ɗauko jirgin Afirka ta Kudu ka kawo Kance. Haka abin yake tafiya, in an buɗe ƙofar zato ba a san inda za a tsaya ba. Ni ban hana shi mafarki ba. Na ce ya fara da abin da ya tabbata, ya gama, ya sa masa suna da shekara. In ya so daga baya ya yi na zato, ya rubuta a jikin allon tashar kanta cewa wannan layi ba a taɓa gina shi ba, yadda ko an yanki bidiyo rubutun zai biyo.

Bakanon_Fagge:
Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Shi faɗinsa 1,435 ne. Wanda zai yi zato ai gara ya yi na gobe, reshe daga Daura zuwa Zinder, da jirgin zamani.

Gaskiya_Ɗaya:
Sai mun gani a ƙasa. Na Yamai zuwa Doso tun 2016 aka yi bikinsa, har yau wa ya hau ya je kasuwa? Amma na ji bayanin 'Yar_Mirya, na janye rabin maganata.

Ɗan_Birni:
Jirgin zamani ba ya cikin raina, Malam Bakano, mai kwal ɗin nake so. Bari in faɗi inda na tsaya yanzu. Zinder zuwa Kano ya kai kilomita 240. Jiya na gwada da TSRE5, manhajar shimfiɗa layi, na sauke tudu da kwarin ƙasa daga bayanan SRTM, awon tsayin ƙasa da aka ɗauka daga sararin sama, na shimfiɗa kilomita biyu kacal da itatuwan aro, ya ci mini dare biyu, a na biyun kuran ya ɗauke kafin in adana. In na ce zan yi 240 ni kaɗai, furfura za ta riske ni. Don haka zan fara da tashar Kano zuwa Chalawa, lokacin kaka, da dalar gyaɗa da kamyon Jikan_Falke. Amma ban fasa na Damagaram ba. Duk sanda na bi ta Zango da yamma sai in ga inda tashar za ta zauna.

'Yar_Mirya:
Ka riƙa adanawa duk minti goma, kuma ka ajiye kwafi a kile daban. Wani abu kuma: in za ka yi Kano ta 1950, gidajen ƙasa ne masu zanko, ba kwano ko'ina ba, babu leda a ƙasa, babu kabu-kabu. Hazon hunturu kuwa da saitin hazo na wasan za ka yi shi, ka rage nisan gani ka ga yadda jirgi zai ɓullo daga cikin ƙura.

Trainz_227:
Sauti fa? Kar ka ciro daga bidiyon wani a YouTube ko daga jirgin da wani ya ƙera ba tare da izini ba. Masu wannan harka suna da tsanani a kan haka, in aka kama ka sau ɗaya sunanka ya ɓaci. Ka rubuta wa mai shi, da yawa suna bayarwa in ka ambace su. Haka hoton da Ɗan_Reluwe_Zariya zai kawo, na iyalinsu ne, sai da yardarsu.

Kanikan_Sabon_Gari:
In sautin huci kake nema, ka zo gareji da salularka. Muna da kwamfireso, in na saki iska ta bututu a cikin gangar ƙarfe zai ba ka fuka mai kauri. Ƙarar shebur a kan gawayi kuwa, maƙera na nan bayanmu, ga zugazugi ma. Garin da aka zuba igwa zamanin Sarki Tanimu ba zai rasa ƙarar ƙarfe ba.

Mushe_Tarihi:
Sunayen kayan fa, da wane harshe za su fito? In yaro zai tuƙa, ya ga tukunya, matsi, gilashin ruwa, birki, yashi, da Hausa.

Mai_Lissafi:
Rubutun jikin agogunan ɗakin direba ya bar shi da Ingilishi, don haka yake a jirgin gaskiya. Amma Open Rails yana karɓar fassara, akwai ta Faransanci da wasu harsuna, da manhajar fassara mai suna Poedit ake yi. In Mushe zai zauna da mu sai mu fara ta Hausa. Wurin da za mu sha gardama shi ne sandar da ke rage tsawon lokacin da tururi ke shiga silinda. Ba giya ba ce, ko da yake aikinta ya yi kama da na giya: a tashi ka ba shi kashi 75, in ya ɗauki gudu ka ja baya zuwa 25 tururi ya ƙarasa turawa da kumburinsa.

Ɗan_Reluwe_Zariya:
Baba ribas yake ce mata, don da ita ake komawa baya.

Hajiya_Garin_Malam:
In kun gama a kawo mini in gani. Kuma in ka yi na Zangon, ɗana, ka sa mata da tuluna a gindin tankin tashar, don da an yi shi da can za mu je ɗiba.

Ɗan_Birni:
In sha Allah, Hajiya, ke za ki fara gani. Na gyara ƙusoshin, yanzu dama tana gaban hagu da digiri 90. Sai dai wata ta ɓullo: a Blender komai na juyawa daidai, da na fitar zuwa wasan ƙafafu na juyawa amma doguwar sandar tana tsaye cak a iska. Na sa mata suna ROD01, ƙafafun WHEELS1 zuwa WHEELS4.

Trainz_227:
Duba ko ka ɗaura ta a ƙarƙashin babban jikin, kuma ko motsin nata a rubuce yake firem bayan firem. In da ƙashi da igiya, wato kayan haɗa motsi na Blender, ka haɗa ta, wasan ba ya karanta su, sai ka gasa motsin tukuna, wato ka mayar da shi rubutacce firem bayan firem.

Kanikan_Sabon_Gari:
Alhamis bayan la'asar, in kasuwa ta lafa, ka zo da kwamfutar gareji. Zan yanka maka sandunan da kwali mu kafa su da ƙusa a kan allo, ka juya da hannunka ka ga inda kowace ke zuwa. Mai_Lissafi, kai ma ka zo da abin awonka.